Tabarau Mai Kawo Saƙo: Hannu Ya Huta, Ido Fa?

Ina gai da iyayena da yayyena da ƙannena na Kademi, da waɗanda suka taso daga Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke tsakani, suka bar ayyukansu domin wannan zama.

Abin da zan yi magana a kansa bai cika kasuwanninmu ba tukuna, kuma mai yiwuwa ne wani dattijo a nan ya ce a ransa, mutanen da ke fama da tsadar taki da ƙarancin wutar lantarki, ina ruwansu da tabarau na mutanen Amurka? Amsata ita ce, a shekarar 2001, sa'ad da wayar salula ta shigo Nijeriya, haka muka ɗauke ta kayan attajirai da manyan ma'aikata, ba mu zauna mun yi shawara a kan ladubbanta ba, sai da muka wayi gari tana aljihun ɗan acaɓa da hannun amarya da gefen allon almajiri, sa'an nan muka shiga neman hukuncin abin da ya riga ya zauna da gindinsa. Tun ran gini ake zane. Shi ya sa na ga ya kyautu mu dubi wannan baƙo tun yana nesa, mu san fa'idarsa da illarsa, kafin 'yan kasuwar waya na Farm Centre a Kano su fara jera shi a kan teburansu.

Bari in fara da abin da yake namu. Ruwayar da muka gada ta ce mutanen farko da suka zauna a gindin Dala maƙera ne da suka fito daga nan ƙasar Gaya neman tama, waɗanda ake kira Abagayawa. To, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa maƙeri, in ƙarfe ya yi ja, ba shi da hannun da zai ba kowa: hagu tana riƙe da awartaki, dama tana riƙe da guduma, yaro yana kan zugazugi, kuma ko saƙon Sarki ne ya zo, sai manzo ya tsaya har a gama bugun nan, domin ƙarfe ba ya jira. Haka manomi yake da garmarsa a tsakiyar kunya, haka mai daka take da taɓaryarta, haka unguwarzoma take a lokacin da aka fi bukatarta. Tun zamanin da ake aika manzo da baki, zuwa zamanin wasiƙar ajami da ake naɗewa a sa a aljihun fatake, zuwa gidan waya, zuwa salula, sharaɗi guda bai canja ba, watau mai karɓar saƙo sai ya ajiye abin da yake yi, ya juyo, ya miƙa hannu ko ya ba da kunne. Wannan tabarau da muke magana a kansa an ƙera shi ne musamman domin ya kawar da sharaɗin nan.

Ga siffarsa. A ido, tabarau ne kamar wanda malam yake sawa ya duba littafi, sai dai ƙafafunsa sun ɗan fi kauri, domin a cikinsu aka cusa batir, da 'yan na'urorin ɗaukar murya, da wasu ƙananan lasifikoki da ke daidai kunne, da kyamara ƙarama kamar ƙwayar wake a kusurwa. Yana haɗe da wayar da ke aljihunka ba tare da igiya ba. In saƙo ya shigo, wani irinsa yakan karanta maka shi a kunne. Wani irin kuwa, wanda ya fi tsada, yakan rubuta maka shi a cikin gilashin kansa, ta hanyar wata 'yar fitila da ke harba haske a gefen gilashin, hasken ya bi ta cikinsa yana karkacewa har ya faɗo cikin ƙwayar ido, sai ka ga rubutu kamar yana rataye a iska a gabanka, alhali kana ganin hanya da bishiya da fuskar mutumin da kuke tare, shi kuwa mutumin ba ya ganin komai. In za ka ba da amsa, sai ka faɗa da baki, na'urar ta mai da maganarka rubutu ta aika.

Masana wannan fanni suna da sunan da suke kiran irin wannan gani, wanda ma'anarsa ita ce zahirin da aka yi wa ƙari. Amma ni ina ganin almajiran ilmi sun fi kowa saurin fahimtarsa, domin sun san matani sun san hashiya. Ka ɗauki tsohon kwafin Risala ko Ishiriniya da aka rubuta da hannu, za ka ga matanin a tsakiya da manyan baƙaƙe, sa'an nan a gefe da tsakanin layuka ga ƙananan rubuce-rubuce na malaman da suka karantar da shi, wani ya fassara kalma da ajami, wani ya kawo saɓanin malamai. To, wannan na'ura ta ɗauki duniyar da ido yake gani a matsayin matani, tana rubuta mata hashiya. Kuma kowane malami a nan ya san hashiya iri biyu ce: akwai wadda take buɗe matani, akwai wadda take yi masa yawa har ɗalibi ya shagala da ita ya manta da asalin littafin.

Kada kuwa mu ɗauka ilmin nan ba mu da gado a cikinsa. Al-Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya tabbatar da hujjar gwaji, a cikin Kitabul Manaziri, cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido daga waje, saɓanin masu cewa ido ne yake fitar da haske. Kuma a kan wannan asasi, bayan an juya littafinsa zuwa Latin, Turawa suka yi gini. Tabarau na karatu ya bayyana a Italiya a ƙarshen ƙarni na 13. A 1968 wani masani, Ivan Sutherland, ya haɗa na'urar farko da ake sawa a kai tana nuna zanen kwamfuta a gaban ido. A farkon shekarun 1990 injiniyoyin kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama suka gwada irinta domin ma'aikatan da ke harhaɗa wayoyin lantarki na jirgi, don su riƙa ganin taswirar aikin ba tare da sun saki abin da ke hannunsu ba. Ku lura, matsalar maƙerin nan ce dai tamu. A 2013 kamfanin Google ya fitar da nasa, Google Glass, a kan dala 1,500, amma jama'a suka ƙi sakin jiki da wanda ya sa shi, gidajen abinci da na sinima da dama suka hana shiga da shi saboda kyamarar, har kamfanin ya daina sayar wa jama'a a farkon 2015. Darasin da masu ƙira suka ɗauka daga wannan faɗuwa, abin baƙin ciki, shi ne su ɓoye na'urar ta yi kama da tabarau na kowa. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya haɗa kai da masu yin tabarau na Ray-Ban, suka fitar da na farko a 2021, na biyu a 2023, sa'an nan a watan Satumba na 2025 suka fitar da mai rubutu a cikin gilashin dama, a kan dala 799, tare da wani abin ɗaurawa a wuyan hannu kamar kambu, wanda yake jin motsin jijiyoyi, har in ka haɗa babban yatsa da manuni ya san ka ce a buɗe saƙo.

Yanzu sai mu auna, kuma adalci ya wajabta mu fara da alherinsa, domin ƙa'idar malamanmu ita ce abubuwan amfani asalinsu halal ne sai in dalili ya zo da hani.

Wanda ya fi kowa cancantar wannan na'ura, a ganina, makaho ne. Mun san yadda makahonmu yake rayuwa: sai da ɗan jagora, yaron da sau da yawa karatunsa yake salwanta saboda riƙon sanda, in wasiƙa ta zo masa sai ya nemi mai karanta masa, sirrinsa ya zama na mutum biyu, in an ba shi canji a kasuwa sai ya dogara da tsoron Allah na mai ba shi. Tabarau mai kyamara yana iya karanta masa takarda a kunne, ya gaya masa abin da ke gabansa, ya faɗa masa sunan maganin da ke hannunsa. Akwai ma wata manhaja, Be My Eyes, da aka fara a ƙasar Denmak a 2015, wadda take haɗa makaho da mai gani na sa kai a ko'ina yake a duniya, mai ganin ya duba ta kyamarar ya yi masa bayani, kuma an riga an haɗa ta da tabarau na Meta, ta yadda hannun makahon yana kan sandarsa. Kurma kuma, in ya iya karatu, yana iya ganin maganar mai yi masa magana tana fitowa a rubuce a gabansa. Wanda ya taɓa zama da kurma a gida ɗaya, ya ga yadda ake dariya a tsakar gida shi yana bin fuskoki da kallo bai san abin da aka ce ba, ba zai raina wannan ni'ima ba. Haka nan ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, wadda aka kawo mata haihuwa mai gardama cikin dare, hannayenta biyu suna aiki, tana iya nuna wa likita a birni abin da take gani, yana gaya mata abin yi. Da bakanike a ƙarƙashin injin ban ruwa, wanda maigidansa yake nesa.

Sai dai tsakaninmu da wannan alheri akwai katanga biyu. Ta farko kuɗi: dala 799 ta haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, watau albashin shekara guda cur bai saye shi ba, ban da waya mai tsada da zai jingina da ita, da kuɗin data, da cajin da yake nema bayan 'yan sa'o'i a garin da ake kai waya shagon caji. A nan ma zan ɗan ratse in ce, dattawa nawa ne a wannan ƙasa tamu suka daina duba Alƙur'ani, mata nawa suka daina zura zare a allura, ba don komai ba sai rashin tabarau na karatu na 'yan kuɗi kaɗan, ko rashin aikin cire yanar ido da ake yi cikin ƙanƙanin lokaci a asibitocin ido na Kano? Mai hali da yake son lada ta fuskar ido, ga inda zai fara.

Katanga ta biyu harshe ne, kuma ita ta fi damuna. Na'urar nan da baki ake sarrafa ta, ita kuwa an yaye ta ne da Ingilishi da 'yan'uwansa na Turai. Hausa harshe ne mai karin sauti da jan wasali, waɗanda rubutunmu na boko ba ya nuna su. Gari da ake zama a ciki da gari da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama haka. Mu muna rarrabewa da kunne tun muna goye, amma na'ura sai an tara mata dubban sa'o'i na muryoyin mutane, maza da mata, yara da tsofaffi, Bakano da Basakkwace da Bagobiri, kafin ta fara rarrabewa, balle ta san bambancin ƙ da k, ko ɗ da d, wanda shi ne bambancin ƙafa da kafa, da na ɗaki da daki. An fara wannan aiki: Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara tun 2013, kuma akwai masu tara muryoyin Hausa na sa kai. Amma tafiyar da sauran nisa. Abin lura kuma shi ne, mutanenmu sun riga sun warware rabin mas'alar da kansu, domin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba yau tana aika wa ɗanta da ke Legas saƙon murya ta WhatsApp, da gaisuwarta da addu'arta da muryarta da ya sani. Mu al'umma ce ta baka da kunne, saboda haka ɓangaren wannan tabarau da zai fi karɓuwa a wurinmu shi ne na sauraro da faɗa, ba na rubutun da ke yawo a gilashi ba.

To, mu juyo ga illa. Masu tallarsa suna cewa ya 'yantar da hannu, kuma gaskiya ne. Amma saƙo ba da hannu ake fahimtarsa ba, da zuciya ne, zuciya kuwa guda ɗaya Allah ya ba kowa. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane wani ɗan gajeren fim na matasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka jefa. Ana cikin haka sai wani da ya yi shigar goggon biri ya ratsa tsakiyarsu, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce. Da aka tambayi masu kallo, kusan rabinsu ba su gan shi ba sam, alhali idanunsu a buɗe suke, a kansa ma suke. Wannan shi ne abin da malamanmu suke kira gafala, kuma sun daɗe da sanin cewa mutum yana iya tsayuwa a sahu, idonsa a wurin sujada, zuciyarsa tana kasuwa. Haka kuma binciken David Strayer da abokan aikinsa a jami'ar Utah ya nuna cewa direban da ke magana ta waya hankalinsa yana raguwa, ko ya riƙe ta a hannu ko bai riƙe ba. Ku kawo wannan kan hanyarmu ta Gaya zuwa Wudil ranar kasuwa: yaro a kan babur, ya ɗauko mace da goyo da buhun gero, ga shanu suna tsallakawa, ga babbar mota ta taho, sai rubutu ya faɗo masa a cikin ido. Mai danna waya a kan babur aƙalla muna ganinsa mu tsawata masa. Wannan kuwa hannayensa biyu suna kan kan babur, fuskarsa tana duban gaba, ba wanda zai san ba ya tare da mu.

Wannan ɓoyuwar ita ce asalin abin da nake tsoro, har a inda babu haɗarin mota. Manzon zamanin da, in ya zo, yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, a amsa, a ba shi ruwa, ya jira maigida ya gama da baƙin da ke gabansa, sa'an nan ya isar da abin da aka aiko shi. Kowa a majalisin ya san an yi aike. Wayar salula ta rage wannan ladabi, amma ba ta kashe shi ba, domin in ta yi ƙara kowa ya ji, mai ita kuma in yana da tarbiyya yakan nemi izini ya fita. Saƙon tabarau shi ba ya sallama. Yana shigowa ya tsaya tsakanin idonka da fuskar mahaifinka sa'ad da yake yi maka nasiha, kai kaɗai ka san ya zo, kana gyaɗa kai, shi yana zaton da shi kake. Mu da muka ɗauki gaisuwa da muhimmanci har mukan tsaya mu tambayi gajiya da iyali da sanyi da aiki ɗaya bayan ɗaya, abin da muke ba juna a cikin wannan doguwar gaisuwa shi ne halartar zuciya, kuma ita ce wannan na'ura take iya ɗaukewa ba tare da an ga gurbinta ba.

Sa'an nan ga kyamara. A ƙofar gidajenmu da yawa an rubuta "Ba a shiga", kuma Suratun Nur ta hore mu da neman izini kafin shiga gidan wani da kuma runtse ido, Suratul Hujurat ta hana mu tajassusi, watau bin diddigin asirin mutane. Amma akwai waɗanda shari'a da al'ada suka yarda su shiga: ƙanin miji ƙarami, mai gyaran wuta, 'yar talla, ƙawar amarya. In ɗayansu yana sanye da wannan tabarau, to, ba shi kaɗai ya shiga ba, duk wanda yake so ya nuna wa ya shiga tare da shi. Masu ƙirar sun sa wata 'yar fitila da ke haskawa in ana ɗaukar hoto, amma ƙarama ce, da rana tsaka ba kowa zai lura da ita ba, kuma tsohuwar da ba ta san ma'anarta ba, me fitilar ta tsare mata? A 2024 wasu ɗalibai biyu a Harvard suka haɗa irin wannan tabarau da manhajar gane fuska, suka nuna cewa suna iya duban baƙo a tashar jirgin ƙasa, cikin ɗan lokaci sunansa da unguwarsu su fito musu a waya. Sun ce sun yi ne don faɗakarwa. A ƙasar da ake fama da masu satar mutane don kuɗin fansa, ba sai na yi sharhin abin da wannan yake nufi ba. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, hukumar JAMB ma ta sa irin waɗannan tabarau cikin abubuwan da take hana shiga da su ɗakin jarrabawa, amma doka daga Abuja ba za ta tsaya a ƙofar zauren kowa ba. Mai unguwa da liman da uwar gida su ne za su tsaya.

Saboda haka ina da roƙo ga malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku ɗauki waɗannan mas'aloli ku yi musu nazari tun yanzu, ku ba mu amsa da hujja. Mene ne hukuncin wanda ya tsaya salla saƙo yana gilmawa a idonsa? Shin ɗaukar hoton mutum a majalisi ba da saninsa ba bai shiga cin amanar zama ba? Makahon da na'urarsa take bayyana masa abin da ke gabansa, yaya zai shiga gidan mutane da ita, kuma wane rangwame larurarsa ta ba shi wanda mai gani ba shi da shi? Ni dai ra'ayina, wanda nake miƙa shi gabanku domin gyara, shi ne a mai da cire shi al'ada kamar cire takalmi: a ƙofar masallaci, a ƙofar gida, a gaban iyaye da malamai, da kuma duk lokacin da mutum ya hau abin hawa zai tuƙa, sai fa mai larurar gani ko ji, shi kuma ya sanar da mutanen wurin abin da ke fuskarsa.

Ku kuma samarinmu da 'yan matanmu da ke karatun kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, nan kusa da mu, da Jami'ar Bayero a Kano, aikin harshen nan naku ne, ba wanda zai zo daga Kalifoniya ya yi muku shi yadda ya kamata. In kun zo hutu, ku zauna da kakanninku, ku nemi izininsu, ku bayyana musu inda muryar za ta je da abin da za a yi da ita, sa'an nan ku ɗauki maganarsu yadda suke yinta, da sunayen kayan maƙera da na saƙa da na gona waɗanda ku kanku kun fara mantawa, ku rubuta ta daidai da ƙugiyoyinta. Ku fara da makafin garin nan, ku tambaye su abin da suke so a karanta musu tukuna, takardar asibiti ce, ko kuɗin da ke hannunsu, ko lambar motar da ta tsaya a tasha.

Na ga lokacin la'asar ya gabato, ga kuma masu tambayoyi sun fara ɗaga hannu.